Yadda Ake Nemo Laikin a Tsaunukan Abisko, Daga Bakin Tafki Zuwa Kan Tudu

Laikin shi ne tabon nan mai launi da ke manne a jikin dutse ko ɓawon itace, wani rawaya, wani toka-toka, wani ruwan goro. Akwai shi a duwatsunmu ma, musamman wurare masu laima irin tsaunukan Jos, sai dai ba kasafai ake kula shi ba. A ƙuryar arewacin duniya kuwa babu yadda za a yi ido ya tsallake shi, domin akwai tuddan da shi ne ciyawarsu, shi ne kuma abincin dabbobinsu a lokacin sanyi.

Ba tsiro ba ne irin wanda aka saba. Halittu biyu ne suka haɗa zama: naman gwari shi ke gina jikin, ƙwayoyin algi kuma, dangin koren gansakukar da ke kan ruwa, su ke haɗa abinci daga hasken rana. A wasu nau'o'in, bakteriya mai launin shuɗi-kore ce ke wannan aiki. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, kuma an daɗe ana ja da shi kafin a yarda. Yau an san kimanin nau'i 20,000. Ba shi da saiwa, ruwan sama da raɓa da hazo yake sha ta duk jikinsa. In ya bushe sai ya yi kamar ya mutu, in ya jiƙe ya ci gaba da rayuwa.

Mai neman laikin a irin wannan ƙasa abu guda zai riƙe. Kowane nau'i yana da mazauninsa, kuma wadda ta raba musu mazaunin ita ce dusar ƙanƙarar lokacin sanyi: inda take taruwa da kauri, inda iska ke share ta, inda take jinkirin narkewa. Kai kuwa a lokacin ɗumi za ka je, bayan ta tafi. Don haka duk inda ka tsaya, ka tambayi kanka yadda wurin yake a watan Maris. Da wannan tambaya za ka riƙa sanin abin da za ka tarar tun kafin ka sunkuya.

Mataki na farko: wuri da lokaci

Abisko yana arewacin Suwidin, kimanin kilomita 200 a arewa da layin da'irar Aktik, a bakin tafkin Torneträsk. An kafa gandun ajiyarsa a 1909, faɗinsa murabba'in kilomita 77, kuma akwai tashar binciken kimiyya a wurin da ta haura shekara 100. Na zaɓe shi ne saboda sauƙin kaiwa. Jirgin ƙasa na dare daga Stokhom yana sauke fasinja a bakin gandun bayan tafiyar awa 18 ko kusa da haka, a kan layin da ke ɗaukar ma'adinin ƙarfe daga Kiruna zuwa Narvik. Wanda ya sauka Kiruna ta jirgin sama, saura masa kusan kilomita 100. Daga nan ne kuma sananniyar hanyar ƙafa ta Kungsleden ta fara, wadda ta miƙa kudu fiye da kilomita 400 har Hemavan.

Wani dalilin shi ne bushewar wurin. Tsaunukan yamma suna tare ruwan da ke tasowa daga teku, har abin da ke sauka a Abisko a shekara bai wuce milimita 300 da 'yan kai ba. Kano tana samun fiye da ninki biyu na wannan. Amma da yake rana ba ta da ƙarfin ƙafar da ruwan, ƙasar ba hamada ba ce. Ka matsa yamma zuwa Riksgränsen, kan iyakar Norwe, ruwan ya ninka kamar sau uku. Cikin 'yar gajeruwar tafiya ke nan za ka ga busasshen tsauni da jiƙaƙƙe.

Ka je tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba. A watan Yuni dusar ƙanƙara tana nan kwance a kwaruruka, a farkon Yuli kuma sauro ba ya barin mutum ya tsuguna minti biyu, alhali aikin nan duk na tsugunno ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa sam, saboda haka mai salla ya nemi bayanin malamai kan lokuta tun yana gida. Ni Agusta na fi so.

Mataki na biyu: abin da za ka riƙe

Gilashin ƙara girma na hannu mai ninki 10 shi ne kan gaba. Ka rataye shi a wuya. Ana manna shi ne da ido, sannan a kusanto fuska ga laikin har ya fito sarai, ba a miƙa hannu nesa. Sai ƙaramar kwalbar feshi cike da ruwa, da rula mai milimita, da littafin rubutu da fensir, domin biro yana ƙin rubutu a takarda mai danshi. Ka haɗa da ɗan abin durƙuso, taswirar takarda da kamfas, rigar ruwa, rigar sanyi ko da gari ya waye da rana, da takalmi mai riƙe idon sawu. Lambar neman agaji 112 ce, amma akwai kwarurukan da waya ba ta samun sabis, don haka ka sanar da masaukinka inda ka nufa da lokacin dawowarka.

Mataki na uku: fara da dajin da ke ƙasa

Tafkin yana mita 341 sama da teku. Daga bakinsa har zuwa wajen mita 600 ko 700, dajin wata gajeruwar bishiya ce mai farin ɓawo da karkataccen gindi, wadda mutanen Suwidin ke kira björk. Kada ka yi gaggawar wuce ta, domin a jikinta za ka ɗauki darasin da ya fi kowanne amfani.

Tsaya gaban bishiya guda ka bi gindinta da ido daga ƙasa zuwa sama. A wani tsayi za ka ga wani laikin mai ruwan ƙasa-ƙasa da sheƙi, shimfiɗe a ɓawon kamar an liƙa shi. Sunansa Melanohalea olivacea. Abin lura shi ne yana da iyaka ta ƙasa, kuma ba ya sauka ya wuce ta. Ka duba bishiyar da ke kusa, za ka ga iyakar a kusan tsayi ɗaya. Dalili shi ne ba ya jure daɗewa a binne cikin dusar ƙanƙara, sai ya tsaya daidai inda ta saba kaiwa. Mutanen Suwidin ma da wannan suka raɗa masa suna, laikin alamar dusar ƙanƙara. Ƙasa da wannan layi kuma wasu ne ke zaune, masu son rufin: Parmeliopsis ambigua mai launin rawaya kodaɗɗe, da Vulpicida pinastri mai rawaya garau. Na biyun yana da guba, a kalle shi kawai.

Yanzu ka fito da rula ko ka auna da jikinka. Ka rubuta tsayin layin a bishiyoyi biyar da ke kan ɗan tudu, sannan ka gangara cikin loko ka auna wasu biyar. A kan tudu layin zai iya tsayawa a gwiwa, a cikin loko ya kai ƙugu ko ƙirji. Ka samu taswirar zurfin dusar ƙanƙara ke nan a tsakiyar Agusta, ba tare da ka ga ko ƙwaya ɗaya ba.

Kafin ka bar dajin, dubi ƙasa a wurare masu inuwa da laima, cikin gansakuka mai laushi. Nan ne mazaunin manyan laikin masu faɗin ganye. Nephroma arcticum kore ne mai haske da ɗan rawaya, yana iya shimfiɗuwa ya fi tafin hannu. Peltigera aphthosa kuma yana da ɗigo-ɗigo masu duhu a samansa. Ka sa gilashi a kan ɗigon: a cikinsu bakteriyar nan take, wadda ke kama naitirojin daga iska, abin da ƙasar tsauni ke matuƙar ƙaranci. In ka tarar da shi a bushe, toka-toka, fesa masa ruwa ka jira. Cikin ɗan lokaci zai koma kore shar, saboda fatar saman ta zama garai-garai har ana hango algin da ke ƙarƙashi.

Mataki na huɗu: doro, gangare, kwari

Tsaunin Nuolja yana tsaye a kan Abisko, tsayinsa ya haura mita 1,100. Akwai kujerun igiya da ke kai mutum har wajen mita 900, amma in ƙafarka na da ƙwari ka hau da ita, don ka ga yadda bishiyoyi ke gajercewa har su ƙare. Da zarar sun ƙare, nemi wuri mai ɗan doro da kwari kusa da juna. Ba sai babba ba, tazarar taku 30 ta isa. Za ka bi shi daga sama zuwa ƙasa, a hankali.

Fara da ƙololuwar doron. Nan iska ke share dusar ƙanƙara duk tsawon sanyi, ƙasa ta zauna tsirara cikin matsanancin sanyi, ƙwayoyin ƙanƙara suna gogar duk abin da ya ɗaga kai. Tsirrai kaɗan ne ke iya zama, kuma a kwance suke, manne da tsakuwa. Laikin da ke nan masu launin fari-rawaya ne. Flavocetraria nivalis yana da yamutsattsun ganyaye kodaɗɗu. Ɗan'uwansa Flavocetraria cucullata ganyensa a naɗe yake, gindinsa da ɗan ja. Alectoria ochroleuca siraran zare ne a tsaye masu baƙin baki. Akwai kuma Thamnolia vermicularis, fararen silaye masu tsini da ke warwatse a ƙasa, sau da yawa ba su manne da komai ba. Mai gani na farko yakan ɗauka tsutsotsi ne ko guntayen ƙashi. Launin rawayan da yawancinsu ke da shi na wani sinadari ne da ke kare su daga zafin hasken rana, tun da ba su da rufi.

Sauko taku kaɗan zuwa inda doron ya fara kare iska. A nan dusar ƙanƙara tana kwanciya, amma ba da kauri sosai ba, kuma tana narkewa da wuri. Wannan shi ne gidan laikin barewa, abincin barewar ƙasashen ƙanƙara mai ƙaho rassa-rassa (reindeer). Dangin Cladonia ne, masu rassa-rassa: Cladonia rangiferina mai launin toka wanda kawunan rassansa ke karkata gefe guda, Cladonia arbuscula mai ɗan rawaya, da Cladonia stellaris mai dunƙulallen kai zagaye. Yanayinsu irin na soson wanka ne, in ya bushe ya yi ƙarau, in ya sha ruwa ya yi laushi yana lotsawa. A tsakaninsu za ka ga Cetraria islandica mai ruwan ƙasa, wanda mutanen arewacin Turai suka riƙa jiƙawa suna cire ɗacinsa suna ci a shekarun yunwa.

Ƙara gangarawa, sai ka ga laikin yana raguwa. Mutane da yawa suna mamakin wannan, domin wurin ya fi laima, ya fi lafiya. To, lafiyar ce matsalar. Inda rufin dusar ƙanƙara ya wadata kuma ƙasa na da danshi, ƙananan itatuwa masu 'ya'ya da ciyayi suna girma da sauri su yi masa inuwa. Laikin barewa milimita 3 zuwa 5 yake ƙaruwa a shekara, ba zai iya tsere da su ba. Shi ya sa za ka lura a duk tafiyar nan cewa yana mulki ne a inda wasu suka kasa zama.

A can ƙasan kwarin, inda dusar ƙanƙara ke kaiwa Yuli ko ma Agusta ba ta narke ba, ƙasa baƙa ce, jiƙaƙƙiya, sai gansakuka da wata 'yar mitsitsiyar bishiya, Salix herbacea, wadda tsayinta bai kai ɗan yatsa ba. Ka durƙusa a gefen wurin ka nemi Solorina crocea. Ta sama ba shi da wani kyau, kore ne mai duhu-duhu. Amma gefen ganyensa yakan ɗago, kuma ƙarƙashinsa ruwan lemo ne mai ƙuna, wanda babu wani laikin ƙasa a wurin da za ka rikita shi da shi. Duk inda ka gan shi, dusar ƙanƙara tana daɗewa a nan. Cetrariella delisei, mai ruwan ƙasa da yagaggun rassa, shi kuma ya fi son lokon da ruwan narkewa ke kwanciya.

Ka maimaita wannan gangarowa a doro biyu ko uku, ɗaya mai fuskantar kudu, ɗaya arewa. Jerin ba ya canjawa, faɗin kowane sashe ne ke bambanta.

Mataki na biyar: duwatsu

Don wannan ka ware rana guda ka tafi kwarin Kärkevagge, yamma da Abisko, wanda ake shiga daga tashar jirgin ƙasa ta Låktatjåkka. Kwarin cike yake da manyan duwatsu, wasu sun kai girman ɗaki, kuma a ƙarshensa akwai tafkin Rissajaure mai ruwa garai-garai. Zaɓi dutse guda ka zagaya shi, domin kowace fuska da mazaunanta.

A fuskar da ke shan rana da iska za ka ga Rhizocarpon geographicum, kore-rawaya mai baƙaƙen layuka da suka yanka shi gida-gida, shi ya sa ake ce masa laikin taswira. Duwatsu masu tauri marasa farar ƙasa yake so. Kusa da shi akwai dangin Umbilicaria, baƙaƙe ko toka-toka, kowane ganye manne da dutse ta cibiya guda a tsakiya, gefuna a sake. Shi ne wanda ayarin John Franklin, mai binciken ƙasa ɗan Birtaniya, suka ci a arewacin Kanada lokacin da yunwa ta ci ƙarfinsu a tafiyar 1819 zuwa 1822, ya kuma ɓata wa da yawansu ciki. Ophioparma ventosa kuwa ɓawo ne mai kauri da jajayen ɗigo kamar jini.

Sai ka ɗaga kai ka dubi ƙololuwar dutsen. In ka ga tabon ruwan lemo mai haske a can, to tsuntsaye na sauka a wurin. Xanthoria elegans ne, wanda wasu littattafan yanzu ke kira Rusavskia elegans, kuma kashin tsuntsu ne takinsa. Haka za ka gan shi a ƙasan tsagar da tsuntsu ya yi sheƙa. Yana kuma son dutsen farar ƙasa, saboda haka ka neme shi a kwazazzabon kogin Abiskojåkka, inda irin wannan dutse ya fito fili. Shi da laikin taswira ne aka fitar sararin samaniya a 2005, suka yi kimanin mako biyu ba tare da kariya ba, aka dawo da su suka ci gaba da rayuwa.

Kar ka manta da gindin dutsen. Sau da yawa za ka ga wani zobe kodaɗɗe, kusan babu komai a jikinsa, daga ƙasa zuwa wani tsayi. Nan ma dusar ƙanƙara ce ta daɗe har ta hana laikin kamawa.

Mataki na shida: gwada tsufan wuri

Laikin taswira yana faɗaɗa ne a zagaye, ƙasa da milimita ɗaya a shekara a irin wannan sanyi, kuma akwai masu shekaru dubbai. Roland Beschel, masani ɗan Ostiriya, ya nuna a 1950 cewa za a iya amfani da faɗinsa a ƙiyasta lokacin da dutse ya fito sarari. Masu bincike sun yi amfani da dabarar a kan tulin duwatsun da kogunan ƙanƙara suka bari a yankin Kebnekaise, tsauni mafi tsayi a Suwidin. Kai ba za ka fitar da shekaru ba, wannan yana buƙatar ma'aunin da aka gina a yankin. Abin da za ka iya shi ne kwatance: auna mafi girman zagaye biyar a tulin duwatsu guda, ka auna biyar a wani. Wanda nasa suka fi faɗi shi ya riga zama. Ka guji waɗanda biyu suka haɗe suka zama ɗaya, suna ruɗar ma'auni.

Mataki na bakwai: fahimci aikin barewa

Wataƙila ka ga hotunan tuddai farare fat da laikin, ka zo Abisko ka tarar da shi gajere, tsilla-tsilla. Ba ɓatan hanya ka yi ba. Wannan ƙasar kiwo ce ta al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, kuma barewarsu ta gida tana cinsa tana tattaka shi. A lokacin sanyi shi ne babban abincinta: tana jin ƙanshinsa ta cikin dusar ƙanƙara, ta tona da kofato. Babbar masifar makiyayan ita ce a yi ruwan sama a kan dusar sannan sanyi ya dawo, ƙanƙara ta daskare a kan abincin, dabba na jin ƙanshi ba ta iya kaiwa.

Tasirin kiwon ya fito ƙarara a shingen kan iyakar Finlan da Norwe. Ɓangaren Norwe, inda ake kiwo a lokacin sanyi kawai, fari ne da laikin. Ɓangaren Finlan, inda dabbobi ke takawa har lokacin ɗumi, ya yi duhu, kuma bambancin yana fitowa har a hoton tauraron ɗan'adam. Mai son ganin shimfiɗa mai kauri ya nufi Rondane, gandun ajiya na farko a Norwe, wanda aka kafa a 1962. A Abisko kuwa ka leƙa saman manyan duwatsu da tsagogin da baki da kofato ba sa kaiwa, nan za ka ga yadda yake in an bar shi.

In ka haɗu da garke, tsaya ko ka zauna shiru har su wuce. Kada ka bi su don hoto. Dukiyar mutane ce, kuma korar uwa da ɗanta a kan tsauni ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Mataki na takwas: taka da rubutu

Busasshen laikin yana farfashewa a ƙarƙashin takalmi, kuma wurin da aka murƙushe yana ɗaukar shekaru gommai kafin ya dawo. A ranar da gari ya bushe ka tsaya kan hanya ko kan dutse, in za ka ratsa shimfiɗarsa ka bari sai bayan ruwa ko da sassafe yana da raɓa. Kada ka ɓanɓare shi daga dutse ko itace, balle a cikin gandun ajiya inda doka ta kare abin da ke tsiro. Kada kuma ka ɗanɗana. Ban da masu guba, laikin yana tara duk abin da iska ta kawo. Bayan haɗarin Chernobyl a 1986, ya shanye sinadarin siziyom mai tururin nukiliya, barewa ta ci, aka zubar da naman dubun-dubatarsu a Suwidin, mafi yawa a yankunan da ke kudu da Abisko.

Hoto ya wadatar in an ɗauke shi daidai. Kowane laikin ka yi masa uku: ɗaya daga nesa mai nuna mazauninsa, ɗaya kusa da rula a gefe, ɗaya na ƙarƙashin ganye in gefensa ya ɗago da kansa. Ka ɗauka a bushe, ka fesa ruwa ka sake ɗauka, tun da launin yana sauyawa. A littafinka ka rubuta abin da yake manne da shi, tsayin wurin daga taswira, fuskar da yake kallo, da matsayinsa tsakanin doro da kwari. Da ka dawo masauki ka ɗora hotunan a shafin intanet na iNaturalist ko Artportalen, rumbun da Suwidin ke tara rahoton halittu, inda masana za su duba. Da yawa daga cikin masu kama da ɓawo ba a tantance su sai da na'urar hangen ƙananan abubuwa da gwajin sinadari, don haka in sunan dangi kawai ka iya kaiwa, rubuta shi haka nan tare da kwanan wata da wurin.